Jakata a Ƙarƙashin Barkono

Tun ranar Juma'a na fara haɗa kaya, alhali tafiyar sai Lahadi. Kwana biyu kacal za mu yi a Kano, a gidan yayan maigidana, ranar Litinin likita ya duba yaronmu, mu juyo. Shekararsa biyu da rabi a lokacin, kuma tun yana rarrafe yake fama da asma. In ta taso masa, ƙirjinsa kan yi wani siririn fito, ramin wuyansa ya riƙa lotsawa ciki.

Jaka ɗaya na yanke zan riƙe, ta yadi, wadda za ta zauna a cinyata. Zanina ɗaya da riga na shimfiɗa a ƙasa. Kayansa kala uku, kowace riga na sa wandonta a ciki na naɗe kamar tabarma, don in na zaro ɗaya kada sauran su hargitse. Sabulu da soso a leda. Na sa takalmi na biyu, na cire. Na sa filas, na ɗaga jakar na ji nauyi, shi ma na cire. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, rubutun jikin magani ba ya karantuwa gare ni da sauri, don haka da zare nake gane su: na safe da yamma baƙin zare, na gaggawa, wato shuɗin nan da ake shaƙa, jan zare. Shi da robar da ake kifa wa yaron a hanci na zura su cikin tsohuwar safar babansa, na maƙale safar da fil a cikin jakar, gefen dama. Sau nawa na rufe ido na gwada zura hannu, ban ƙirga ba.

Maigidana girbi ya riƙe shi, da mahaifiyarsa Inna za mu tafi. Lahadi da hantsi ta leƙo ɗakina ta kalli jakar.

"Wannan ne kayan? Hannu rabbana za mu shiga gidan mutane, a ce daga ƙauye muke ko kuka babu?"

Ta fita ta dawo da kuka da daddawa, busasshiyar kuɓewa, kwalbar man shanu, da ƙullin gero. Jakar ta ƙi ɗauka. Sai ta jawo buhu, ta zura jakata a ƙasa, ta jera tsarabar a kai, ta ɗaure bakin da tsumma tamau.

Ina tsaye ina kallo. Yaron ɗan farina ne, kunyar ɗan fari kuwa da ita aka tashe ni. Ga shi sunan marigayi mijin Inna aka sa masa, ban taɓa furta shi ba. Ko faɗuwa ya yi a gabanta, sai dai in kawar da kai, ita ta ɗaga shi. Da wane bakin zan ce mata maganin ɗana ne a ƙasa? Na ce a raina, in mun isa tasha na kwance.

Babur biyu suka kawo mu Wudil daga Utai. Kafin in sauko in gyara hijabi, ɗan kamasho ya sure buhun.

"Kano, saura biyu mu tashi! Iya, shigo da angonki."

"A bar wannan a hannuna," na ce, amma ko ni da ƙyar na ji muryata.

"A ina, amarya? Ku huɗu ne a baya."

"Sa shi a but, ɗana," in ji Inna. "Ita komai sai ta rungume."

Na ga inda ya jefa shi, can ƙuryar hagu. Na ga an ɗora buhun barkono uku a kai. But ɗin ya ƙi rufuwa, aka ja igiya aka zagaya, aka ƙulla, aka sake ƙullawa. Na shiga na zauna kusa da Inna, yaron a cinyarta, hannuna biyu ba komai.

Motar irin wadda babu abin da ya raba kujerar baya da but ce sai jingina. Kafin mu hau gada an fara atishawa. Mai barkonon, wani dattijo da ke zaune a gaba, ya waiwayo yana dariya.

"Ku yi haƙuri, jama'a. Barkonon da bai sa atishawa ba ai tumatir ne."

Yaron ya yi tari. Ya sake.

"Kai, angon nan rago ne," Inna ta ce tana bubbuga bayansa. "Ɗan yaji kaɗan har ka karaya? Da me za ka riƙe ni?"

Ni wuyansa nake kallo ta wutsiyar ido. Ramin ya fara lotsawa. Da ƙarar inji da rediyon direba duk da haka na ji fiton, siriri, kamar daga nesa.

"Inna, ko a ɗan tsaya?"

"A yi me? Yanzu fa muka tashi."

Ta ba shi ruwan leda, ya ture. Ta tofa masa addu'a a ka. Na miƙa wuya gaba.

"Malam direba, don Allah akwai abin da zan ɗauka a but."

Ya dube ni ta madubi. "But? Baiwar Allah, kin ga ɗaurin da aka yi kuwa? Rabin awa mun shiga Kano, kya ɗauka."

Rabin awa. Na koma na jingina. Na fara ƙirga numfashinsa da yatsu a ƙarƙashin hijabi, ƙirgar ta riƙa kufce mini don ya fi yatsuna sauri. Ya daina tari. Ya daina ƙananan koke-koken da yake yi. Inna ta ce, "Kin gani, barci zai yi." Amma idonsa a buɗe yake, a kaina, kafaɗunsa na ɗagawa da kowace shaƙa, leɓensa ya koma launin toka.

Ban san lokacin da na fizge shi daga cinyarta ba. Na kira sunansa, sunan yanka, da ƙarfi, har sau biyu.

"Ka tsaya! Ɗana ne, numfashinsa zai ɗauke! Maganinsa na cikin buhun, ka tsaya na ce!"

Direba ya taka birki har muka dungura. Muka firfito. Ya kama ƙullin igiya da farce, ya sa haƙori, ƙullin ya ƙi.

"Matsa, ɗan samari," in ji mai barkonon. Ya zaro wuƙa daga aljihu ya datse igiyar, ya riƙa jefo buhunansa ƙasa da hannunsa. Ya jawo namu, ya ga ɗaurin Inna, bai tsaya kwancewa ba, ya farke gefen. Gero ya tsiyaye a bakin titi, kwalbar man shanu ta gangara cikin ciyawa.

Yaron na kafaɗata ta hagu. Na zura hannun dama cikin jakar ban duba ba. Safar na nan inda na maƙale ta. Fil ɗin ya soke ni a yatsa, sai daga baya na ga jinin. Na ruga gindin wata darbejiya, nesa da yajin, na zaunar da shi a cinyata, na girgiza maganin, na kifa masa robar, na danna. Na ƙirga shaƙa shida, yadda nas ta koya mini. Na sake dannawa. Ɗaya, biyu, uku. Na sake.

Manyan motoci na wucewa suna kaɗa mana ganye. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba.

Sai ya ture robar ya fashe da kuka, kuka mai ƙarfi, har da shure-shure. Wata mata cikin fasinjojin ta ce, "Alhamdu lillahi, mai kuka ai ya samu iska."

Mai barkonon ya ce mu tafi, shi zai jira wata motar da kayansa. Inna ta durƙusa tana tattara geron cikin gefen mayafinta, ba ta dube ni ba. Da muka koma mota na rasa yadda zan yi, in miƙa mata yaron ko in riƙe. Ita ce ta miƙo hannu, amma jakar ta karɓa ta ɗora a cinyarta.

Da muka yi nisa sai ta ɗauko maganin ta tambaye ni, idonta a kan titi.

"Wannan abin, ta ina ake dannawa?"

Na nuna mata, kaina a ƙasa. Ta juya shi, ta shafa jan zaren, ta riƙe shi a hannu ba ta mayar cikin safar ba. Fiton bai gama ɗaukewa ba, yana nan kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin tafina, kuma ban ɗaga tafin daga ƙirjinsa ba har muka shiga Kano.