Tankin da Ke Bayan Turaku

Mai Turaku ake ce masa, don tun yana da baƙin gashi yake kula da turakun eriyar wani gidan rediyon AM a bayan gari. Aikinsa shi ne ya sa turakun su tura murya inda ake so, su rage ta wajen da wata tasha take. A da sai ya murɗa maɓallan injin, ya ɗauki na'urar awo ya zaga ƙauyuka, ya dawo ya sake murɗawa. A haka gwiwoyinsa suka ƙare. Ba shi da yawan magana. Daɗinsa a duniya lambun da ya yi bayan ɗakin injin, da tankin ruwan da ya ɗora kan doguwar hasumiyar ƙarfe.

Da tashar maƙwabta ta kawo ƙara cewa muryar gidan rediyon tana shiga cikin tata, aka turo injiniya da kwamfuta. Injiniyar kuwa jikarsa ce. Ta auna kowane turke, ta zana su a kwamfuta, lissafi ya fito tsaf, amma na'urar awo ta ƙi yarda da shi. Ta fita shan iska, ta ɗaga kai, ta ga tanki.

"Angona, wa ya dasa wannan ƙaton ƙarfen a nan?"

"Mijinki, amarya. Ko da bakinki zan shayar da tumatir?"

Ta yi masa bayani cewa hasumiyar tana kama murya tana watsawa tamkar wani turke. Manajan gidan rediyon ya ce a sare ta. Tsoho ya je ya tsaya cikin kabejinsa.

Jikar ta roƙi a dakata. Ta sa shi ya riƙe mata tef suka auna hasumiyar, ta shigar da ita cikin zanen, ta yi ta sauya rabon wutar turakun har muryar ta kauce wa maƙwabta. Shi ya murɗa da hannunsa, tana karanto masa lambobi tana ce masa ya fiye nawa.

Suka fita awo tare. Duk inda suka tsaya, allurar na'urar ta zauna inda kwamfuta ta ce. Manaja ya ce a bar tanki.

Mai Turaku bai yaba wa kwamfutar ba. Ya dai cika wa jikar bayan mota da tumatir har murfi ya ƙi rufuwa, ya koma ya buɗe famfo.