Ranar da Darakta Ya Ja Katin Direba

Cikin shekarun da na yi ina aikin gwamnati, akwai wata Laraba da har yau ba ta fita raina ba. Lokacin ana tsakiyar kwaso ma'aikatu daga Legas zuwa Abuja, mu kuma muna cikin ayarin farko. Ɗakuna uku aka ara mana a Garki, ko labule babu. Ni ce jami'ar horaswa, mataki na takwas, kuma ni kaɗai ce sashen: ni ce shugaba, ni ce mai goge tebur.

Fayil-fayil ɗinmu suna Legas, za a ɗauko su a manyan motoci shida. Sai na kai wa Daraktanmu, Alhaji Mamman, shawarar mu gwada tafiyar a kan tebur kafin a yi ta a kan titi. Wani wasa ne na koyo a kwas. Ana shimfiɗa taswira, kowa ya ja kati ya zama wanda katin ya ce. Mai jan wasa, wato ni, ita ke faɗin abin da ya faru a hanya, kowa ya faɗi abin da zai yi, in ana shakka a jefa ɗan ludo ya raba gardama.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Talatu, ludo za mu yi a ofishin gwamnati?" Ya ba ni awa ɗaya, ya ce in abin shirme ne zai rufe sashen horaswa ya tura ni rajista in riƙa jera fayil. Ba da wasa ya faɗa ba.

Sati uku na yi ina shiri. Na rubuta dokoki shafi talatin da biyu, kwalayen ashana shida suka zama motoci. Na tanadi fashewar taya, ruwan sama, shingen hanya, har da direban da zai tsaya cin abinci a Lakwaja ya ɓatar da makulli. A ganina babu abin da ɗan Adam zai yi a teburin nan da ban riga na rubuta ba.

Doka ta ɗaya ita ce: katin da ka ja shi ne naka, ba canji. Mu takwas muka zauna, na zuba katunan a hular wani akawu. Darakta ya sa hannu ya zaro "direban mota ta uku". Baba Ayuba kuwa, direbanmu na gaske, mutumin Gwagwalada da ya bar noman doya ya kama sitiyari, ya zaro "Darakta".

Alhaji Mamman ya turo mini katin. "A sake."

"Ranka ya daɗe, doka ta ɗaya."

"Wa ya rubuta ta?"

"Ni."

"To, goge."

Na ce, "In na goge maka, kowa zai ce a goge masa, wasan ya mutu tun bai fara ba." Sai ya ɗauki kwalin ashanarsa da yatsu biyu.

Tafiya ta yi kyau har mota ta uku ta iso Gwagwalada. Nan ɗan ludo ya ba Alhaji Mamman ɗaya, taya ta fashe, safayar kuma ta riga ta tafi tun a Lakwaja. Shafi na sha tara ya ce direba ba zai kai kayan motar gwamnati wurin mai gyara na waje ba sai da izinin Darakta a rubuce. Ba ni na ƙirƙiro ta ba, dokar ofishinmu ce na kwafo. Kowane zagaye kwana ɗaya ne, kuma motar nan ita ke ɗauke da fayil ɗin ma'aikata, har da nasa.

"Na aika saƙo ofis," in ji Alhaji Mamman. "A ba ni izini."

Baba Ayuba ya gyara zama, ya sauke tabaran da babu a hancinsa. "Oga yana mitin. Ka dawo gobe."

A zagaye na biyu ya ce, "Takardarka bai zo teburina ba." Akawu ya cusa kansa cikin babbar riga, kafaɗunsa na rawa. A na uku na jefa ɗan ludo, hadari ya taso, tamfol kuma yana yoyo.

Darakta ya bugi tebur. "Wace irin doka ce wannan? Ga mai faci can a bakin kasuwa! Na kwance tayar, na gungura ta na kai masa. Izinin ya same ni a can."

Na buɗe littafina, na buɗe, na sake buɗewa. Babu. Na tanadi komai ban da mutumin da zai karya doka, balle mai dokar kansa. In na ce ba a yarda ba, zai tashi, rajista ta kira ni. In na bar shi haka, kowa ya ce don oga ne. Sai na rufe littafin na juya ga wanda ya fi ni sani.

"Baba, a gaske in direba ya yi haka, me ke faruwa?"

"Kweri ne, Madam, takardar tuhuma. Ni biyu aka ba ni. Motar ya kwana uku a Abaji ina gadi, da na gyara aka ce na yi laifi." Bai faɗi wanda ya sa wa takardun tuhumar hannu ba, babu kuma wanda ya tambaya.

Na ce, "To, taya ta gyaru. Ranka ya daɗe, jefa, huɗu zuwa sama fayil bai jiƙe ba. Maganar kweri kuma tana hannun mai katin Darakta." Alhaji Mamman ya jefa biyar, har da ɗaga hannu sama. Sai kowa ya juya ga Baba Ayuba.

Baba ya dubi Alhaji Mamman tsaf. "A'a, ba kweri. Mutumin ya ceci fayil. A ba shi ruwa ya sha."

Awa ɗaya ta zama uku. Washegari sanarwa ta fito cewa direba na iya gyara a hanya, ya kawo rahoto in ya iso. Ni kuwa ko sannu Alhaji Mamman bai ce mini ba, ya dai tambayi yaushe za a sake, ya ce wannan karon shi zai riƙe hular.

Ku masu jan wasa yanzu, ku yi shiri, ban hana ku ba. Amma ku san dokar da za ku tsaya a kanta ko oga ne ya ce a goge, sauran kuma ku iya rufe littafi ku tambayi mutanen da ke teburin, don sun sha hanyar da ba ku rubuta ba. Ranar da mota ta uku ta gaske ta iso Garki, ina tsaye Alhaji Mamman ya sa aka tono masa fayil ɗin Baba Ayuba, ya zare takardun kwerin nan biyu ya yaga. Baba yana can yana sauke kabad, ya gani, ya yi kamar bai gani ba.