Gonar tsohon Dosara

Shekarun baya, lokacin aikin dam ɗin Bakolori, ina tankaɗen gari a gidan da muke haya a Talata Mafara, sai mai gidan ya shigo daga mahauta, ko hannu bai wanke ba. Dattijo ne, mahauci, mai yawan barkwanci. Ranar bai yi ba. Ya ce, "Ɗiyata, katafila ta bi ta gonar yayana a Dosara. Dawa ta fid da kai, aka kwantar da ita. Ko gambar iyaka ba a bari ba."

Na ce Allah ya kyauta. Mijina direban katafila ne, kuma a makon nan wajen Dosara aka tura su. Mai gidan ya san haka, bai dai faɗa ba.

Da yamma mijina ya dawo, na faɗa masa maganar mai gidan, ya ƙi taɓa tuwo. Can ya ce, "Ni ne." Na ce ai turakun masu awo ya bi, ba shi ya kafa su ba. 

Ran Lahadi, bayan sujada a rumfar kwanon da mu Kirista muke taruwa a barikin ma'aikata, mijina ya tsayar da dattijon ikilisiyarmu, ya faɗa masa duka. Ya ce, "Baba, na rasa yadda zan yi addu'a. Ban san sunan abin da na yi ba."

Dattijon ya ce a cikin maganar Allah ba suna ɗaya aka ba saɓon da mutum yake wa Ubangiji ba. Akwai kuskure, kamar maharbin da ya auna daidai, kibiya ta bi gefe. Akwai ƙetare iyaka, kana ganin gamba ka tsallake. Akwai mugunta, inda zuciyar ce kanta ta karkace. Akwai tawaye, ka san Ubangiji ka juya masa baya.

Na yi maza na ce, "Baba, nasa kuskure ne."

Ya yi ɗan murmushi. "Uwargida, ba kasuwar Talata muke ba da za ki nema masa ragi."

Kunya ta kama ni, don gaskiya ciniki nake yi.

Mijina ya ce, "Da safe turaku na bi, ban san komai ba. Amma daga baya wani tsoho ya fito daga cikin dawar yana ɗaga mini hula in tsaya. Na gan shi. Shugaban aikinmu yana tsaye yana kallona, na tuna bakunan da nake ciyarwa, ban tsaya ba."

"To ka faɗi sunansa da kanka," in ji dattijon. "Allah yana gafarta dukansu, wannan ba shakka. Sai dai iyaka, kullum akwai mutum a ɗaya gefenta. Ka roƙi Allah, sannan ka nemi tsohon."

Da muka koma gida, mijina ya durƙusa gaban mai gidanmu. Mahaucin ya ce, "Tashi, direba, kar maƙwabta su ce na fara yankan mutane." Sai muryarsa ta sauka. "Ni ba ni da abin yafewa, gonar ba tawa ba ce. Ka tahi wurin mai ita."

Aiki bai sake shi ba sai Lahadin gaba. Ya isa Dosara ya tarar tsohon ya kwashe iyalinsa ya tafi, ko ƙanensa bai yi wa sallama ba. Wasu suka ce Maradun, wasu suka ce Bakura. Duk ranar hutu mijina yakan hau keke ya bi, ya dawo da ƙafafu a kumbure. Har na gaji, nakan ce masa Allah ya riga ya ga niyyarsa. Yakan ce, "Allah ya gani. Tsohon ne bai ji ba."

Aiki ya ƙare, muka koma garinmu. Bayan wasu shekaru ciwo ya kwantar da shi. Bai ji tsoron mutuwa ba, ya gaskata an gafarta masa. Abu ɗaya ya roƙe ni: in na taɓa samun tsohon ko 'ya'yansa, in ce musu direban ya ga hular.

A da, ina ɗauka waɗannan sunaye na masu wa'azi ne. Yanzu na ga amfaninsu: suna hana mutum kiran babban abu da ƙaramin suna, yadda ni na so in yi masa don ina ƙaunarsa.

Na koma Talata Mafara sau ɗaya bayan rasuwarsa. Mahaucin ma ya rasu, 'ya'yansa ba su san inda iyalan tsohon suke ba. Har yau ban isar da saƙon ba.