Gammon Kakana da Jafanawa Bakwai

Ni na ja wa kakana, kuma da 'yan kalmomi biyar na ja masa. Da ƙaryar kawai na shara na yi shiru, da ba abin da ya faru, don duk zangon Yendi an san halina. In na ce ana ruwa, sai mutum ya leƙa waje kafin ya kwashe shanya.

Wata safiya ce a wurin mai koko, bakin tashar mota, kafin mu wuce makaranta. Wani abokina ya cika mana kunne da labarin yayansa da ya shiga soja a Tamale. Haushi ya kama ni, na ce ai wannan wasan yara ne. Na ce kakana a yaƙin Bama shi kaɗai ya kama Jafanawa bakwai, ko wuƙa babu a hannunsa. Yana tafe da kaya a ka suka tare shi, ya sauke kayan, ya wurga gammonsa a tsakiyarsu. Suka zaci gurneti ne, suka zube rub da ciki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure da igiyar kaya. Aka yi ta dariya, har mai kokon ta ƙara mini ƙosai guda. Sai ta ce, "Kai yaro, wa ya ba ka wannan labari?"

Ƙosan nan ne ya ruɗe ni. Na ce, "Da bakinsa ya gaya mini."

Na manta shaf mijinta tsohon kofur ne, ƙungiyarsu ɗaya da kakana.

Ƙungiyar tsofaffin sojoji ce. Su goma sha uku suka rage a garin, in ka haɗa haƙoransu duka ba za su cika baki biyu ba. Kowace Asabar da hantsi sukan taru a gindin wata darbejiya, kowa da hular sojansa a kan babbar riga. Su je duba wanda ke kwance, su raka gawar wanda ya rasu, sauran lokacin kuma su yi ta gardama a kan wane kogi aka fara ƙetarawa. Sau ɗaya a shekara suke fareti, 'yan uwansu na Salaga da Bawku su zo cikin lorin katako, a bi babban titi da tuta a gaba, ana cewa hagu rabinsu na ɗaga dama. Tutar bi da bi ake riƙe ta.

Dokarsu mai ƙarfi ɗaya ce: ba a ƙaryar yaƙi. Duk wanda aka kama ya ba kansa aikin da bai yi ba, akwai wani gajeren benci da ake ajiyewa a rana, nan zai zauna shekara guda, kuma ba shi ba fareti.

Kakana ɗan dako ne a yaƙin. Akwatin magani ya yi ta ɗauka a ka cikin daji, bai taɓa harba bindiga ba. An daɗe ana cewa wanda bai riƙe bindiga ba ba zai riƙe tuta ba, sai daga baya aka sassauta, kuma a shekarar nan layi ya zo kansa. Wata biyu yana gwaji da taɓaryar kakata a tsakar gida, ita kuma tana tsaye da gero a turmi tana jira Janar ya gama.

Kafin Juma'a Jafanawana sun hayayyafa sun kai ashirin da huɗu, har da takobin hafsansu wai yana ƙarƙashin gadon kakana. Bayan masallaci mai busa bigilar ƙungiyar ya kawo masa saƙo cewa gobe ana nemansa a gindin bishiya. Ya kira ni da sunan da ya saba.

"Ɓarawon matata, zo nan. Gammon nan nawa, wane launi ne?"

Na ce ban sani ba, Kaka.

"Ka kama mini mutum ashirin da huɗu, launin gammo ya gagare ka?"

Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Amma ranar bai taɓa taɓaryar ba, kakata ta yi dakanta da wuri, kuma ba wanda ya ji daɗin hakan.

Washegari na bi shi ba tare da ya kira ni ba. Saura mako biyu fareti, har wani tsohon saje ya iso daga Bawku don shiri. Shugabansu Samanja ne, dogo mai gashin baki kamar tsintsiya, wanda ko gaisuwa zai yi maka sai ka ji kamar ka ƙame. An riga an fito da gajeren bencin. Kofur, mijin mai koko, shi ya kawo ƙara, kuma kowa ya san shi ne na biye a layin tuta.

Samanja ya ce da kakana, "Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

Kakana ya miƙe ya ƙame. "Samanja, daga gidana maganar ta fito."

"Gidanka ba shi da baki. Kai nake tambaya."

"Daga gidana ta fito, Samanja."

Na gane ba zai ambace ni ba ko da za a kwana ana tambayarsa. Na dubi bencin, na dubi gwiwoyinsa, na ga in ya zauna a kai sai an kira mutum biyu su tashe shi. Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakiyar fili ba. Na ce ni ne, ni na ƙirƙira, bai taɓa gaya mini komai ba sai cewa akwatin yana da nauyi.

Samanja ya dube ni daga sama har ƙasa. "To, ɗan jarida. Ba mu labarin daga farko, kada ka rage ko Bajafane ɗaya."

Haka na tsaya na sake shara ƙaryar a gaban mutanen da suka je wurin. Ban taɓa ba da labari da wahala irin ta ranar ba, don kowace gaɓa sai an tare ni. Wani ya ce Bajafane ba ya kwanciya don gurneti, ɗauka yake ya dawo maka da abinka. Wani ya ce igiyar kaya ɗaya ba ta ɗaure mutum bakwai, sai dai in an jera su kamar kifi. Suka bar ni a tsaye suka shiga gardamar tsawon igiya.

Sajen Bawku ya share hawayen dariya ya ce, "Jikana, Bajafanen da kakanka ya gani kusa guda ɗaya ne, shi ma ya kwana uku da mutuwa, kuma sai da kakanka ya yi amai. Amma na ga akwatin nan ya ƙetare kogi, ruwa har wuya, bai jiƙe ba. Maganin ciki aka sa mini a wannan ƙafar."

Na ɗauka an gama. Sai Kofur ya ce shi bai ƙi ba, amma a soja in ƙazanta ta fito daga tanti, mai tantin ake tambaya. Aka yi ta ja, har rana ta iso inda manya suke zaune. A ƙarshe Samanja ya ce a ɗaga huluna, haka suke ƙuri'a. Benci dai babu, an wanke kakana daga ƙarya. Amma tunda garin ya ɗauka, in aka gan shi da tuta za a ce ladan Jafanawa aka ba shi, don haka bana a ba na biye. Ni kuma safiya uku zan je wurin mai koko in tsaya in kwance abin da na ɗaura, da ƙarfi, kowa ya ji.

Na je duka ukun. Ba wanda ya yi dariya sai da na zo wurin amai.

A faretin shekarar kakana a layi na biyu ya yi tafiya, Kofur na gaba da tuta. Sai da shekara ta zagayo aka ba shi tutar, lokacin tsufa ya ci ƙarfin hannunsa. Ya riƙe ta daga gindin bishiya zuwa bakin titi, ya miƙa wa na kusa da shi.