Maɗaurin Ƙarshe da Gunleik Ya Kafa

Gidan Gunleik ne na ƙarshe a kan tudunmu, nawa ke bi masa daga ƙasa. Idan sanyi ya shiga, motar share ƙanƙara a ƙofata take juyawa. Daga nan zuwa sama kuwa, sai wanda ya ɗaura katakon zamiya a ƙafa.

A bin wayar lantarki ya ƙarar da ƙuruciyarsa. In iska ta kayar da bishiya a kan waya, shi ake kira, ya ɗaura katako ya nausa daji. Shi ya sa bai taɓa yarda wani ya kafa masa maɗauri ba, ɗan ƙarfen nan da ke riƙe bakin takalmi a kan katako. Mu ma duk gidansa muke kai namu. Ba ya karɓar komai, ladansa kawai ka zauna ka sha gahawa, ka sha surutu. Na sha yin rantsuwa ba zan sake komawa ba, kuma na sha komawa.

Bayan rasuwar matarsa, 'yarsu Aslaug ta samar masa ɗaki a gidan tsofaffi da ke kusa da ita a birni. Ya ce ko kusa. Suka yi ta kai ruwa rana, har ta gaji ta ce, "To Baba, mu yi haka. Muddin kana zuwa kanti ka dawo da ƙafarka, na bar ka. Ranar da ka kasa, zan zo da mota." Ya ba ta hannu a kan haka.

Sanyin bara, da ƙanƙara ta zauna sosai, sai na lura ba sawun katako a gefen gidana. Na hau gidansa da kular miya a jaka. Na same shi zaune, katako biyu a kan tebur, ga kwali a buɗe.

"Bergit, ba ki iya ƙwanƙwasa ƙofa ba?"

"Kai kuma ba ka iya cin abinci ba? Dubi wuyanka."

Da ƙyar na tatso maganar. Ƙugunsa ne ya sandare. Tsohon maɗaurinsa sai an sunkuya an ja marfi da hannu, shi kuwa yanzu hannunsa ba ya kai ƙafarsa. Busasshen burodi da dankali yake ta ci. Ya aika direban bas ya sayo masa sabon samfuri, wanda taka shi kawai ake yi ya kama.

Na ce, "Ka kai shago mana su kafa maka."

"Shagon da mijin Aslaug ke aiki? Kafin in dawo gida ta haɗa min kaya."

Ya ɗaga hannunsa na dama ya nuna min. Rawa yake yi. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban san ko da shi nake fushi ko da tsufa ba.

"Riƙe min kawai za ki yi," in ji shi. "Kuma ki riƙe bakinki."

Katakon ya riga ya sha huda sau da yawa, ya ce wannan ce damar ƙarshe, in rami ya karkace sai dai a hura wuta da shi. Ya kwance tsohon maɗauri, ya toshe tsofaffin ramuka da tsinken ashana da gam. Ya kifa wuƙa a tebur ya ɗora katako a gadon bayanta, yana matsar da shi kaɗan-kaɗan har ya tsaya bai rinjaya ko'ina ba. Nan ya ja layi da fensir. Ya naɗa salatif a bakin mahuji don kada ya zarce ya ɓulla ta ƙasa.

Da ya ɗauki mahujin, bakin ya dinga yawo a kan alamar. Ya ajiye, ya sake ɗauka. Na dafa wuyan hannunsa da nawa.

"Ke, danna kike ko riƙewa?"

"Yi hudarka, tsoho."

Haka muka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, yana ɗiga gam a kowanne don kada ruwa ya shiga, yana murza sukuru har sai ya zauna daram. Da muka gama ya ɗaga katakon saitin taga ya kanne ido ɗaya. Bai yaba min ba, amma ya cinye miyar tas.

Washegari da hantsi na ji shuuu ta gefen gidana. Gunleik ne ya wuce. Na ɗaura katakona na bi shi. Wallahi da daɗin kallo. Gwiwa a lanƙwashe, sandunan tokarawa a hammata, ya sha kwanar gada ba ko tangaɗi. Halvard mai kanti ya leƙo yana dariya.

"Ashe kana nan? Har na fara tunanin wa zan sayar wa gahawar nan mai ɗaci."

"Sai na binne ka tukuna," in ji Gunleik.

Ya sayi gahawa da cuku da kifin gwangwani, ya goya jaka, muka juyo.

Hawa ne ya tona asiri. Daga gada ya fara tsayawa yana cewa wai igiyar jaka ce ta dame shi. Na karɓi jakar. Inda tudun ya miƙe, dole a buɗe katako a riƙa takawa kamar agwagwa, ƙugun nan ya ƙi buɗuwa. Ya gwada hawa a kaikaice, ƙafar hagu ba ta ɗaguwa. Rana ta yi nisa kafin mu iso ƙofata, fuskarsa ta yi fari fat. Ya zauna a kan tarin itacena ya ɗaga kai yana kallon gidansa, da sauran hawan da ya fi wanda muka yi tsanani.

Na ce, "Ji nan. Ni zan riƙa kawo maka kaya. In Aslaug ta tambaya, in ce kullum ina ganin wucewarka."

"Ki yi wa 'yata ƙarya?"

"Na yi wa waɗanda suka fi ta."

Ya ɗan yi murmushi. Ya sa tsinin sanda ya danna maɗaurin, ya buɗe, ya zare ƙafa. Ya jawo katakon kan cinyarsa ya girgiza ƙarfen da ƙarfi.

"Kin gani? Ko motsi bai yi ba."

"Na gani."

Ya shiga goge ƙanƙarar da ta maƙale a kan sukuru da babban yatsa.

"Shiga ki kira min ita, Bergit. Hannu na ba ta." Har na kai bakin ƙofa ya ƙara da cewa, "Ki ce kada ta yi gudu, hanyar da santsi."

Na shiga na tsaya a gaban waya, sai da na share hawaye na gyara murya, sannan na danna lambar.