Atamfar da Ta Kai Inna Bauchi

Mun tashi da asuba daga garinmu, ana sallame sallah direba ya fara danna hon a ƙofar gida. Mu uku ne: ni, da Inna mahaifiyata, da Goggo ƙanwar babana. Masu bibiyata sun san dalilin tafiyar. Littafin da na rubuta wa matasa, labarin wani yaro da ya tashi a ƙaramin gari irin namu, shi ya zo na ɗaya a gasar wata ƙungiyar marubuta, aka ce in zo Bauchi in karɓi kyauta.

Abin da ba ku sani ba shi ne, ni ɗan fari ne, Inna kuwa irin matan da ce masu alkunya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" take ce mini, in na yi abin kirki in samu ƙarin girma in zama "yaron nan". Da na kai mata labarin gasar, "To, madalla" kawai ta ce, ta ci gaba da tankaɗe. Ni kuwa wallahi kyautar ba ta dame ni ba kamar in ga alamar abin ya kai zuciyarta. Sai da Goggo ta yi dabara ta ce atamfa ta fi sauƙi a Kasuwar Muda Lawal, ga bikin ƙanwata ya matso, sannan ta yarda ta biyo mu.

Hanya ta yi kyau da ƙarshen damina, gero ya sunkuyar da kai hagu da dama, ga duwatsu a can nesa. Ramuka dai suna nan inda na bar su bara, sun ma yi ƙiba. Kuɗin mota ya hau, masara gasassa ta hau, hatta kwanon dafaffiyar gyaɗa ya ƙanƙance. Goggo ta yi ciniki da kowace mai talla ta tagar mota, ba ta sayi komai ba. Inna kuwa ta shaida wa matar da ke kusa da ita cewa ita atamfa za ta saya, mu ne masu wani uzuri.

Da muka sauka sai da muka ci masa. Duk wanda ya zo Bauchi bai ci masarta da zafinta ba, ya sake zuwa. Daga nan muka shiga keke zuwa harabar jami'a da ke Gubi, inda za a yi taron. Zauren ya cika da ɗalibai, da yawansu riƙe da littafina. Wata ɗaliba ta tare ni ta ce, "Malam, mai gyaran keken nan na cikin labarin, wallahi akwai irinsa a garinmu, har rowar famfon." Na yi dariya har da hawaye, don ban zaci ƙauyancinmu zai zama na kowa ba.

Aka kira sunana, zaure ya ɗauki tafi, na hau na karɓi kambuna. Sai mai gabatarwa, wata 'yar birni mai fara'a, ta yi abin da ba a yi. Ta ce, "An ce mahaifiyar gwarzonmu tana nan. Mama, ki taso mu gan ki!"

Na hango Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska tana kallon bango, kamar da wata ake. Sai ga Goggo ta miƙe zumbur, ta rangaɗa guɗa, ta taho tana gyara ɗauri. A wajenmu ai ɗan fari na gwaggonni ne, su ke da bakin yin alfahari da shi. Aka ɗauke mu hoto, aka yi ta ce mata Mama, ita kuma ba ta gyara wa kowa ba. Na yi murmushi don jama'a, amma raina ya sosu. Na san al'ada, a cikinta na girma, duk da haka ya sosu.

Bayan azahar muka nufi Muda Lawal, tunda atamfa dai ba ta sayen kanta. Kasuwar ta cika maƙil, masu kura suna ta "hanya, hanya", buhunan hatsi jibge har sama. Na bar su a wani shagon atamfa na je neman ruwan sha. Da na dawo, Goggo ta leƙa shagon gaba, ni kuma na tsaya a bayan jerin zannuwa da aka rataye, don na ji muryar Inna.

Littafina ne a hannunta. Ban san lokacin da ta zare shi daga jakar Goggo ba. Inna ba ta yi boko ba, ta miƙa wa mai shagon ta ce, "Ɗan nan, duba mini, sunan wa aka rubuta a bangon nan?"

Ya karanta sunana da na babana.

"Ɗaga murya, kunnena ba ya ji sosai."

Jama'a, Inna da ke jin motsin akuya a bayan danga tana cikin ɗaki! Ya sake karantawa da ƙarfi, har na shagon kusa suka waiwayo. Ya ce, "Hajiya, kin san shi ne?"

Ta karɓi littafin ta goge bangon da bakin mayafinta. Ta ce, "Ɗan garinmu ne. Shi ya zo na ɗaya yau. Sake faɗa mini sau ɗaya, kada in manta."

Na koma da baya a hankali, na tsaya wajen masu tattasai har idona ya bushe, sannan na dawo da ruwan kamar ban ji komai ba.

Mun iso gida gab da magariba, da turmin atamfa biyu da kambu a cinyar Goggo. Tafiyar nan ta koya mini cewa ba kowa ne yake yin alfahari da bakinsa ba, wani sai ya ara na wani. An kira sunana a lasifika a gaban cikakken zaure, na ji daɗi matuƙa. Amma kiran da na je Bauchi nema, a shagon atamfa aka yi shi, har sau uku, kuma Inna ce ta sa.