Mai-kai-biyu

Baba ya zo wurina a Tamanrasset neman maganin ido, sai ya zauna. Likita ya ja ni waje ya faɗa mini gaskiya: ganin tafiya yake yi, kuma ba zai dawo ba.

Da ƙuruciya Baba ya bar Maradi ya je Ƙauran Namoda dakon gyaɗa. A can aka ɗauke shi aikin goge kan jirgin ƙasa da zuba masa mai. Ba kowane kai yake ji da shi ba. Akwai guda ɗaya na jan kaya, mai shan gazuwal, wato man dizal, kore da layin rawaya a gefe, da ɗakin direba gaba da baya. Shi yake kira Mai-kai-biyu. Mun sha labarinsa har ya gundure mu. A nan kuwa, garin da ba a taɓa shimfiɗa layin dogo ba, kullum yana zaune bakin shagona na atamfa, in babbar mota ta wuce ya ce kukanta bai kai rabin na Mai-kai-biyu ba.

Wani Balarabe mai sayen yadi ne ya gaya mini ana ƙera ƙananan kawunan jirgi, komai nasu daidai da na gaske, ana sayarwa a Aljer, babban birnin ƙasar. Nan take na ƙudurta Baba zai ga nasa kafin idon ya rufe.

Ina da maƙwabci direban babbar mota, mutumin Agadas, mai yawan zuwa arewa. Na ce masa ya samo mini ɗan jirgi kore mai kai biyu. Ya ce an gama. Bai tambaye ni wane jirgi ba, ni ma ban ga abin bayani ba, don a gidanmu jirgi ɗaya aka sani. Shi kuwa tun da aka haife shi jirgin da ya sani shi ne mai sauka a filin bayan gari. Ya dawo yana murmushi ya miƙo mini jirgin sama kore mai farfela biyu.

"Ga kawunan nan biyu," in ji shi.

Baba ya kai abin dab da idonsa, ya juya shi. "Wanga ai na sama ne. Mi zan yi da shi?" Ya yi dariya har da tari. Ni ban yi ba. Haushin kaina na ji, don tafiyar nan guda ta cinye mana kaso mai yawa na sauran ganin da yake da shi.

Daga nan na koma neman hoto a waya. Ina nuna masa, yana kanne ido yana ƙi: wannan hancinsa ya yi tsawo, wancan na fasinja ne. Ran da muka dace sai ya riƙe wayar ya ƙi saki. Direban ya tafi da hoton. Mai sayar da su a Aljer ya ce babu irinsa a hannu, sai an aiko daga ƙetaren teku. Aka yi ta jira har zafi ya wuce. Kafin jirgin ya iso, Baba ya daina bambance rana da inuwa.

Da hantsi direban ya kawo shi cikin kwali. Tsawonsa bai wuce tafin hannu da rabi ba, amma da nauyi. Na ɗora wa Baba a hannu. Ya bi ƙafafun da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya lalubo ɗakin gaba, ya lalubo na baya, ya tsaya kan wani ɗan tsani.

"Nan nike hawa," ya ce.

Sai ya kai shi hanci, ya ɓata fuska. "Ba ya wari."

Direban ya miƙe. Ya fita wurin motarsa, ya tsoma tsumma a tanki, ya dawo ya goga a gefen jirgin. Baba ya shaƙa, ya daɗe bai sauke hannu ba.

"Kore ne?"

"Kore ne, Baba, da layin rawaya."

"To," ya ce. "Na gan shi."